Woolworth: kantin taro da sisi da abin da ya rage daga gare shi

Wanda ya sauka a Jamus da akwati ɗaya, ya kama ɗakin haya wanda babu kome a cikinsa sai gado da tebur, ba ya yin mako guda kafin wani ɗan'uwa da ya riga shi zuwa ya nuna masa hanyar Woolworth. Ni ma haka aka yi mini, kuma tun daga lokacin nake shiga kantin duk sa'ad da buƙatar ƙananan kayan gida ta taso, har na kai ga sanin inda aka ajiye kowane kaya ba tare da na tambayi kowa ba. Allon kantin ja ne da fari, ana ganinsa a titunan kasuwa na manyan birane da na ƙananan garuruwa, kuma rassansa a ƙasar sun haura 600. Mafi yawan masu shiga suna ɗaukarsa kantin Jamusawa ne kamar sauran kantunan araha, alhali sunan da ke jikin allon na wani ɗan manomi ne Ba'amurke wanda ya rasu tun 1919, kuma kamfanin da ya kafa ya rufe kantunansa na ƙarshe a ƙasarsa ta asali tun 1997.

Idan Bahaushe zai raɗa wa wurin suna, kantin koli zai kira shi, domin abin da ɗan koli yake shimfiɗawa a kan teburinsa shi ne aka shimfiɗa a nan, sai dai an faɗaɗa shi ya cika ɗaki mai girman filin ƙwallo ƙarami. Akwai allura da zare da almakashi da maɓallan riga, akwai soso da bokiti da tsintsiya, akwai kofuna da cokula da farantai da tukwane marasa nauyi. Daga can ciki kuma sai tawul da zannuwan gado da labule da matasan kai, sannan safa da singileti da tufafin yara, sai littattafan rubutu da biro da fensir waɗanda ake cika gaban kantin da su idan an kusa komawa makaranta. Kusa da wurin biyan kuɗi ake jera alewa da biskit da batir, daidai inda hannun yaro zai kai yayin da uwarsa take cikin layi. Ranar da na fara shiga na ɗauki kwando da niyyar sayen bokiti da igiyar shanya kawai, na fito da kaya goma sha wani abu, kuma kuɗin da na biya bai kai na abincin rana biyu a gidan abinci ba. Kowane kaya da farashinsa a manne, babu mai bin ka a baya yana tambayar me kake nema, babu kuma mai haɗe rai idan ka ɗauki abu ka jujjuya shi ka mayar.

Wannan 'yancin na ɗauka a jujjuya a mayar, wanda yau ba ma ganinsa a bakin kome, shi ne ainihin hajar da Frank Winfield Woolworth ya zo da ita. An haife shi a 1852 a ƙauyen Rodman da ke jihar New York, ya tashi yana ƙin aikin gona, har ya yarda ya yi wata uku yana aiki kyauta a wani kantin yadi da kayan gida a garin Watertown domin kawai ya koyi tsaron kanti. A wancan zamani kaya suna bayan kanta ne, mai saye ba ya taɓa su sai mai kanti ya miƙo, kuma farashi yana bakin mai kanti, yana iya hawa ko sauka gwargwadon tufafin da ya gani a jikinka. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa da kuɗi kaɗan a aljihu ya san nauyin tambayar farashin abin da ba lalle ya iya saye ba, ya san kuma zafin yin tayi a ce masa albarka a gaban mutane. A 1878 maigidansa William Moore ya ware tebur guda ya tara masa kayan da suka yi kwantai, ya kafa allo cewa kowanne senti 5 ne, sai ga mutane suna rububin kayan da a da ko kallo ba su ishe su ba. Yaron kantin ya lura da abin da ya faru, ya ce a ransa idan tebur ɗaya ya yi haka, to kanti guda cur zai yi fiye.

Moore ya ba shi bashin kaya na kimanin dala 300, ya buɗe kantinsa na farko a garin Utica a watan Fabrairu na 1879, amma wurin ba mahadar jama'a ba ne, cikin 'yan watanni ya rufe. Bai karaya ba, a tsakiyar shekarar ya sake buɗewa a Lancaster ta jihar Pennsylvania, inda cinikin ranar farko ya kai dala 127 da 'yan kai. Idan aka raba wannan kuɗi da senti 5, za a ga cewa kaya sama da 2,500 ne suka fita daga ɗan ƙaramin shago a yini guda. Shekara ta zagayo ya ƙara kayan senti 10, daga nan sunan kantin biyar da goma ya bi irin waɗannan kantuna a duk faɗin Amurka. Ƙanensa Charles da ɗan'uwansa Seymour Knox da wasu abokai irin su Fred Kirby da Earle Charlton kowa ya buɗe nasa jerin kantunan a kan wannan tsari, suna sarin kaya tare ba tare da sun shiga garuruwan juna ba, har zuwa 1912 da suka haɗe suka zama kamfani ɗaya mai kantuna 596.

Dabarar da ta riƙe wannan farashi ita ce ta fi ba ni sha'awa, domin ya juya lissafin ciniki ne baibai. Ɗan kasuwa yakan sari kaya ne sannan ya ɗora riba ya yanke farashi, shi kuwa Woolworth farashin ya fara yankewa, sannan ya tafi wurin masu ƙera kaya ya ce su nemo yadda za su yi masa abin da zai sayar senti 10 ya kuma ci riba. Ya tsallake dillalai da manyan 'yan sari, yana sayen kaya masu yawan gaske kai tsaye daga masana'anta, yana biya nan take. Tun daga 1890 ya riƙa ƙetare teku zuwa Turai neman kaya, kuma daga ƙauyen Lauscha na Jamus, inda iyalai suke hura gilashi a cikin gidajensu, ya riƙa kwaso ƙwallayen ado na bikin Kirsimeti yana kaiwa Amurka har suka zama abin da kowane gida yake ratayawa. Daga irin waɗannan kwabban ne ya gina benen Woolworth a birnin New York, mai tsayin mita 241, wanda aka kashe wa dala miliyan 13 da rabi ba tare da cin bashin banki ba. Shugaba Woodrow Wilson ne ya danna maɓalli daga fadar gwamnati a Washington a watan Afrilu na 1913 fitilun ginin suka kama, kuma ya riƙe kambun gini mafi tsawo a duniya har zuwa 1930.

A Ingila labarin ya fi kusa da kunnen Bahaushe. Kantin farko an buɗe shi ne a titin Church da ke Liverpool a watan Nuwamba na 1909, kuma farashinsa biyu ne, kwabo 3 da kwabo 6, wato taro da sisi, kuɗin nan da iyayenmu da kakanninmu suka kashe a zamanin fam da sule kafin zuwan naira a 1973. Wanda ya taɓa jin tsoho yana cewa ba shi da ko sisi zai gane irin ƙanƙantar kuɗin da kamfanin ya gina daularsa a kai. Idan kaya ya fi ƙarfin sisi, sai a raba shi gida biyu, a sayar da tukunya daban murfinta daban, kowanne a kan sisi, alkawarin da ke jikin allo bai karye ba, mai saye kuma ya biya sule guda yana murna. A Jamus ma haka aka yi da aka buɗe reshen farko a Bremen a 1927, inda kome yake kan fenik 25 ko 50, wato kwabban Jamus na lokacin.

Amma araha tana da mai biyan kuɗinta, kuma ba zai yiwu a yabi kantin ba tare da an faɗi wanda ya biya ba. Shi kansa Woolworth ya rubuta wa manajojinsa cewa ba za a iya sayar da kaya da araha ba sai da ma'aikata masu araha, saboda haka 'yammata ne suka cika bayan kantocinsa a kan albashin da ba ya riƙe gida. A farkon 1937 ma'aikata mata sama da 100 a babban reshen Detroit suka daina aiki suka zauna daram a cikin kantin, suna kwana a nan har kimanin mako guda, sai da kamfanin ya amince da ƙarin albashi da rage sa'o'in aiki. A daidai wannan zamani jaridu suna cike da labarin almubazzarancin Barbara Hutton, jikar mai kamfanin wadda ta gaji wani kaso na dukiyarsa, abin da ya ƙara wa ma'aikatan haushi, ya kuma ja musu tausayin jama'a.

Babban tabon da ya fi wannan shi ne na wariyar launin fata. A jihohin kudancin Amurka baƙar fata yana iya shiga Woolworth ya sayi abin da yake so a farashi ɗaya da kowa, amma ba shi da damar zama a kan kujerun dogon teburin cin abinci da ke cikin kantin. Ranar 1 ga Fabrairu 1960 ɗalibai huɗu baƙaƙen fata na kwalejin aikin gona da fasaha ta North Carolina suka shiga reshen Greensboro, su ne Franklin McCain da Joseph McNeil da David Richmond da Ezell Blair Jr., wanda daga baya ya musulunta ya koma Jibreel Khazan. Sun fara sayen 'yan ƙananan kaya suka riƙe rasit, sannan suka zauna a teburin suka nemi a ba su kofi. Hujjarsu ba ta da amsa: kantin da ya karɓi kuɗinsu a wannan kanta yanzun nan, da wane dalili zai ƙi karɓa a waccan? Aka hana su, suka ci gaba da zama har aka tashi, washegari suka dawo da ƙarin ɗalibai, cikin 'yan makonni irin wannan zaman ya bazu zuwa garuruwa da dama. Sai ranar 25 ga Yuli na shekarar reshen ya sauko, kuma ma'aikatansa baƙaƙen fata ne aka fara zuba wa abinci a teburin. Ginin yanzu gidan tarihi ne na gwagwarmayar 'yancin ɗan'adam, an buɗe shi a 2010, wani yanki na teburin kuma yana gidan tarihin Smithsonian a Washington. A ganina wannan shi ne wuri mafi muhimmanci a tarihin kamfanin, domin a nan ne aka tilasta masa ya cika alkawarin da shi da kansa ya rubuta a allo, cewa kuɗin kowa daidai yake da na kowa.

Faɗuwarsa ta zo ne a hankali. Tsadar kaya ta fara karya farashi guda, aka ɗaga iyakar zuwa senti 20 a 1932, aka cire ta gaba ɗaya a 1935. Bayan yaƙin duniya na biyu Amurkawa suka sayi motoci suka koma unguwannin bayan gari, rassan Woolworth kuwa suna tsakiyar birni inda haya take da tsada kuma babu wurin ajiye mota. A shekara guda, 1962, aka buɗe Kmart da Target da Walmart, manyan kantuna masu faɗin fili a bakin hanya, kuma shi Sam Walton na Walmart a kantin biyar da goma ya koyi sana'ar, tun yana riƙe da ɗan shagonsa a Bentonville. Woolworth ya gwada nasa mai suna Woolco a wannan shekarar, amma bai yi ƙarko ba. Abin da ya cece shi daga mutuwa ɗungurungum wani ciniki ne na gefe, wato kamfanin takalma na Kinney da ya saya a 1963, wanda daga cikinsa kantin takalman wasanni na Foot Locker ya fito a 1974. A 1997 aka cire Woolworth daga jerin manyan kamfanonin ma'aunin hannun jari na Dow Jones aka sa Walmart a gurbinsa, a watan Yuli kuma aka sanar da rufe rassa kusan 400 da suka rage. Kamfanin ya sauya suna zuwa Venator, sannan a 2001 ya koma Foot Locker, ta yadda duk saurayin da ya sayi takalmin ƙwallo mai tsada a can, jikan kantin senti 5 ya yi wa ciniki.

Na Birtaniya ya ƙara shekara 11 a kan haka. Tun 1982 ya fita daga hannun Amurkawa, ya rayu a kan kayan wasan yara da tufafin Ladybird da faya-fayan waƙa da alewar da mutum yake zaɓa da kansa ya zuba a leda a auna. Da manyan kantunan abinci suka fara sayar da irin waɗannan kaya, intanet kuma ta kashe kasuwar faya-fayai, sai rikicin tattalin arziki na 2008 ya same shi da bashi a wuya. Tsakanin ƙarshen Disamba 2008 da 6 ga Janairu 2009 aka rufe rassa 807, mutum kusan 27,000 suka rasa aiki. Da yawa daga gine-ginen da ya bari kantunan araha irin su Poundland da B&M ne suka gaje su, wato masu yin abin da shi ya fara ya kuma saki. Su ma ba su tsira daga ciwon da ya kama shi ba, domin Poundland ya daina tsayawa a kan fam ɗaya, Dollar Tree na Amurka ya ɗaga farashinsa zuwa dala 1 da senti 25 a 2021, kuma a 2025 an sayar da Poundland ɗin kansa a kan fam ɗaya tak.

Ya kamata a kiyaye wani ruɗani a nan. Woolworths na Ostireliya da na Afirka ta Kudu sunan kawai suka ara, ba su da dangantaka da kamfanin Amurka. Na Afirka ta Kudun, wanda kantin masu hali ne, shi ne ya buɗe rassa uku a Nijeriya ya kuma tattara ya fita a 2013.

Na Jamus kuwa jinin gidan ne na gaske. Ya rabu da uwar kamfanin a 1998, ya durƙushe a 2009, sababbin masu shi suka tashe shi a 2010 da hedikwata a garin Unna, kuma tun daga nan yake ƙara rassa, har ya shiga Poland da Ostiriya a 2023. Hukuncina a kansa bayan shekarun da na yi ina shiga shi ne cewa yana da kyau matuƙa ga abin da aka yi shi dominsa, matuƙar mai saye ya san abin da ya je nema. Kayan ɗinki da kayan rubutu da kayan share-share da kwantenonin ajiye abinci da kyandir da ledar naɗe kyauta, duk waɗannan ban ga dalilin da zai sa mutum ya biya ninki biyu a wani wuri ba. Tawul da zannuwan gado da tufafin yara ma ba su da laifi, musamman ga yaran da kan fi ƙarfin riga kafin rigar ta tsufa, kuma masu haɗa tsarabar komawa gida sukan cika jaka a nan ba tare da aljihu ya yi kuka ba. Inda nake ja da baya shi ne duk abin da ake so ya daɗe yana aiki kullum, kamar tukunyar girki ta yau da gobe ko wuƙa ko takalmin sanyi ko akwatin tafiya mai nisa, domin a kowane kantin araha na duniya waɗannan ne kayan da ake rage wa ƙarfe da ɗinki don farashi ya sauka. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na taɓa sayen laima a wani kantin araha daban, iskar farko ta juya ta ta karya mata haƙarƙari biyu tun ban kai tashar jirgin ƙasa ba, kuma tun daga ranar nake buɗe irin waɗannan kaya in duba gaɓoɓinsu kafin in kai su wurin biya.

Abin da kantin ya rasa, wanda kuma ba na jin zai dawo, shi ne farashi guda. Yau akwai kayan yuro 1, akwai na yuro 5, akwai na sama da 20, saboda haka mutum yana tafe yana lissafi kamar a kowane kanti, kuma ba kowane abu ne ya fi na maƙwabta araha ba. Kantunan araha irin su TEDi da KiK na Jamus da Action na Holan sukan kasance a titi ɗaya da shi, kayansu kusan iri ɗaya, da yawa daga masana'antun Asiya, har wani lokaci sai ka duba allon ƙofa kafin ka tuna wanne ka shiga. Inda Woolworth ya ɗan fi su a idona shi ne faɗin zaɓi, musamman a ɓangaren labule da kayan ɗinki da tufafin ciki, da kuma kasancewarsa a tsakiyar ƙananan garuruwan da manyan kantuna suka gudu suka bari, inda tsofaffin da ba su da mota suke iya zuwa da ƙafa. Teburin cin abinci babu shi, ma'aikata kaɗan ne, kuma aikinsu jera kaya ne da karɓar kuɗi, don haka mai son a yi masa bayanin kaya sai ya karanta abin da ke jikin kwali.

Mai niyyar zuwa ya tuna cewa kantunan Jamus ba sa buɗewa ranar Lahadi, ranar Asabar da yamma kuma layi yakan yi tsawo, saboda haka safiyar ranakun aiki ta fi daɗin sayayya. Ya tafi da jakarsa domin leda sai an saya, ya kuma ajiye rasit idan tufafi ya ɗauka. Kayan yanayi, irin su fitilun ado da barguna da kayan lambu, farashinsu yakan sauka sosai da zarar lokacinsu ya wuce, kuma a makon farko na Janairu na sayi bargon da nake rufa da shi yanzu.